Kafin a saka wa kwata sensa, a fara sanin wa zai ɗauki shebur

Da damina ta kankama za ka ga hotunan ambaliya sun cika Facebook da TikTok, a ƙarƙashinsu kuma matasa masu sha'awar fasaha suna ba da shawara iri ɗaya: a ƙirƙiri manhaja, a saka sensa a magudanan ruwa, waya ta riƙa ba da gargaɗi. Rubuta manhaja sana'ata ce, don haka ba zan kushe ta ba. Amma a gari irin Dogon Dawa, abin da ke toshe kwata da kwalbati yashi ne da laka da leda, kuma har yau ba a yi manhajar da ke kwashe yashi ba.

Mu fara da lissafi. Idan aka yi ruwan sama mai yawan milimita 50 a kan fili hekta ɗaya, ruwan da ya sauka ya kai lita 500,000, wato jarka dubu ashirin mai cin lita 25. Ƙasa za ta sha wani, sauran ya bi gangare. Idan ya bi ta gonar da aka yi wa huɗa, ko titin da ba kwalta, ko wurin da aka sare itatuwa don gawayi, ba ya tafiya hannu rabbana, sai ya kwashi ƙasa. Muddin yana gudu yana riƙe da ita. Da ya rage gudu, a bakin kwalbati ko inda kwata ta yi kwana, sai ya sauke kayansa. Ruwa biyu, ruwa uku, kwalbati ya cika. Na huɗu sai ya hau titi, ya ci gefensa, ya shiga gidaje. Wanda katangar gidansa ta ƙasa ce ya san ƙarshen zancen.

Dogon Dawa tana kan hanyar Birnin Gwari zuwa Funtuwa, hanyar da masara da sauran amfanin gona ke bi zuwa kasuwa. Tun bayan sulhun da gwamnatin Uba Sani ta sanar a Nuwamban 2024 mutane suka fara komawa gonakin da suka bari. Abin murna ne. Sai dai ƙarin huɗa na nufin ƙarin ƙasa a cikin ruwan da ke gangarowa, kuma kwalbatin da ya karye a tsakiyar Agusta yana iya raba manomi da kasuwa na makonni.

Maganin da injiniyoyi suka daɗe da sani shi ne abin da zan kira tarkon yashi: ɗaki na kankare a ƙarƙashin ƙasa, a kan hanyar ruwa, wanda ya fi kwatar faɗi kuma gindinsa ya fi bakin fitar ruwa zurfi. Ruwa ya shigo da gudu, ya tarar da sarari, ya lafa, yashi ya nutse, ruwan ya wuce. Ba injin, ba lantarki.

A nan akwai abin da masu gini da yawa ba su lura da shi ba. Ana ɗauka zurfin ramin ne ke kama yashi. Wani injiniyan Amurka, Allen Hazen, ya nuna tun 1904 cewa faɗi da tsawon saman ramin ne ke wannan aikin, zurfi kuwa ma'ajiya ce kawai. Ƙwayar yashi mai kaurin milimita 1 tana nutsewa mita guda cikin daƙiƙa goma ko makamancin haka. Rairayi mai laushi, na milimita 0.1, yana ɗaukar wajen minti biyu. Laka sai an yi awanni, yumɓu kuwa kwanaki. To idan kwatarku na kawo lita 40 a daƙiƙa, kuma kuna son kama rairayin nan mai laushi, kuna buƙatar rami mai aƙalla mita ɗaya a faɗi, biyar a tsawo, kuma gara a ƙara don ruwan ba a natse yake shigowa ba. Siririn rami mai zurfi kamar rijiya zai ci siminti ya bar rairayi ya wuce. Kuma kada wani ɗan kwangila ya ce muku ruwan zai fito garau. Jan yumɓu zai wuce abinsa. Kwalbati ake karewa, ba ruwan sha ake tacewa ba.

A Ingila da Amurka da Kanada akwai na zamani, irin su Downstream Defender da Stormceptor. Na farkon yana juya ruwa kamar yadda ake juya kwarya idan ana rege hatsi, mai nauyi ya taru a ƙasa. Suna aiki, kuma ba sa cin fili. Amma an ƙera su ne da tunanin cewa wata babbar mota mai mesa za ta riƙa zuwa tana zuƙe abin da ya taru. Wa zai turo irin wannan mota daga Kaduna zuwa Dogon Dawa sau uku a damina ɗaya? Tarkon da ya cika ya ma fi rashinsa illa, domin babban ruwa zai tayar da abin da ke ciki ya zuba shi cikin kwalbati a tashi ɗaya. Kamar wayar da memorinta ya cika ce: komai tsadarta, hoto ɗaya ba za ta ƙara ɗauka ba.

Shi ya sa nake ganin a fara zane daga hannun mai kwashewa. Murfi ya zama gunduwa-gunduwa, kowace mutum biyu su iya ɗagawa, kuma na kankare, don na ƙarfe kafin sati ya isa wurin 'yan jari-bola. Zurfi kada ya wuce inda mai shebur zai iya jefo yashi waje. A saka ragar rodi a bakin shiga don leda da karare, a bar hanyar da ruwa zai bi ta gefe idan ya fi ƙarfin ramin. A kwashe kafin ya kai rabi. A yi ƙananan kafofi a gindi don ruwan da ya saura ya tsane, in ba haka ba an gina wa sauro gida da kuɗin jama'a. Sannan duk rami rufaffe da shara ta ruɓe a ciki yana iya tara iska mai kisa. Masu haƙar rijiya sun san wannan. A buɗe murfi duka a bari ya sha iska, kuma kada mutum ya shiga ba wani a sama.

Wa zai biya masu kwashewa? Aikin gayya yana tafiya sau ɗaya, sau biyu, daga nan kowa ya koma gonarsa, don lokacin da tarko ke cika shi ne lokacin noma. Abin da ya fi ɗorewa shi ne a damƙa kowane tarko ga mutum guda sananne, da sanin mai unguwa, a ba shi ɗan alawus, yashin kuma ya zama nasa. Inda ruwan daga gona da titi yake fitowa, ba daga kwatamin gidaje ba, yashin yana da masu saye: masu cike fili, wani lokacin har masu buga bulo.

Sai a nan waya ke shigowa, kuma aikinta ƙarami ne. A saka wa kowane tarko lamba, a zana ma'auni a bangonsa da fenti. Bayan kowane babban ruwa mai kula ya ɗauki hoto, ya rubuta inda yashi ya kai da yawan baron da ya kwashe. KoboToolbox da ODK suna yin wannan kyauta, kuma suna aiki ba intanet, su aika bayanin idan an samu sabis. Wannan sharaɗin ba na wasa ba ne. Mutanen Birnin Gwari ba su manta an rufe layukan waya daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamban 2021 ba. Duk tsarin da zai mutu idan sabis ya ɗauke bai dace da yankin ba.

Sensa fa? Irin mai arha da muke haɗawa da ESP32, mai aika sauti ya dawo, daga murfi saman ruwa take gani, ba yashin da ke ƙarƙashinsa ba. Ga danshi, ga laka, ga batir da ke son caji, ga sola da sai an yi gadinta. Sanda mai zane ta fi ta faɗin gaskiya. Idan an shekara biyu ana tara bayanai da hannu, an san tarkon da ke saurin cika da wanda ruwa ke shafe kansa, to a lokacin a saka sensar auna ruwa a biyu ko uku mafiya haɗari.

Bayanan nan suna da wani amfanin. A Disamban 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL, na yaƙi da zaizayar ƙasa da farfaɗo da filaye a jihohin Arewa 19 da Abuja, Kaduna na ciki. Ƙungiyar matasan da ta je ofishin ƙaramar hukuma ko na shirin tana cewa "ruwa na damunmu" za a ba ta haƙuri. Wadda ta je da taswirar kwalbatocin garin, da hotuna masu kwanan wata, da adadin baron yashin da aka kwashe a kowanne, tana da abin da injiniya zai yi lissafi da shi. Taswirar kuwa ana iya fara ta a wannan ranin, da wayar da ke hannunka da tef ɗin awo na magina, kafin ruwan farko ya sauka.