Dorinar Yawuri da dazukan Sakkwato: Wa ke da iko da namun dawa, Abuja ko jiha?

A watan Oktoban 2024, mafarauta da masunta a Yawuri sun kashe wata dorinar ruwa bayan ta hallaka wani masunci, ta kuma daɗe tana ɓarna a gonakin shinkafa na bakin Kogin Kwara. Gwamnatin Jihar Kebbi ce ta ba da umarnin, aka raba naman, gari ya yi murna. Dorina kuwa tana cikin dabbobin da ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta ce suna fuskantar barazanar ƙarewa.

Ba wanda zai zargi mutanen da aka kashe musu ɗan'uwa. Amma lamarin ya tono wata tambaya da ta shafi manomin Sanyinna a Ƙaramar Hukumar Tambuwal da makiyayin Ƙaramar Hukumar Kebbe kamar yadda ta shafi masuncin Yawuri: wa ke da ikon yanke wa naman dawa hukunci, kuma wa ke ɗaukar asarar wanda dabbar ta yi wa ɓarna?

Abin da doka ta raba

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna. Kundin tsarin mulkin 1999 bai sanya gandun daji da farauta cikin abubuwan da tarayya ta keɓe wa kanta ba, don haka suna hannun jihohi, waɗanda a Arewa suka gaji Dokar Namun Dawa ta 1963 daga tsohuwar gwamnatin yanki.

Tarayya ta riƙe abu uku. Akwai dokar 1985 kan fataucin dabbobin da ke gab da ƙarewa, wadda aka yi wa gyara a 2016. Akwai gandun daji na ƙasa, wanda kundin ya ce ba a ayyana shi sai da yardar gwamnatin jihar da yake ciki. Sai kuma 'yan sanda da makamai, wanda shi ne mafi nauyi a yau. Ke nan daji na gwamna ne, jerin dabbobin da aka hana taɓawa na Abuja ne, bindigar da za a tsare su da ita ma sai Abuja ta yarda.

Jihar Sakkwato ba ta da gandun ƙasa ko ɗaya. Ko cikin sababbi goma da Shugaba Muhammadu Buhari ya amince da su a 2020, har da Falgore a Kano da Kogo a Katsina, babu na Sakkwato, babu na Kebbi, babu na Zamfara. Duk wani daji da ke kudancin jihar, inda ta yi iyaka da waɗannan maƙwabta biyu, yana wuyan gwamnatin jiha.

Darasin dazuka huɗu

Masu son tarayya ta karɓe komai suna cewa jihohi ba su da kuɗi, kuma gwamna ba zai ɓata wa masu zaɓe rai saboda dabba ba. Masu son a bar wa jiha suna cewa na nesa bai san zafin gonar da giwa ta tattake ba. Tarihin dazukan Arewa bai ba kowane ɓangare cikakkiyar gaskiya ba.

Kuyambana, wanda yake cikin Jihar Sakkwato kafin a ƙirƙiri Zamfara a 1996, gandun jiha ne. Kamuku da ke manne da shi a Birnin Gwari ya zama na tarayya a 1999. Giwaye sun kasance suna kai-komo tsakaninsu. Yau an fi sanin su biyun a matsayin maɓoyar 'yan bindiga. Gandun Tafkin Kainji, na farko da tarayya ta kafa, shi ma masu ɗauke da makamai sun samu gindin zama a sassansa.

Yankari kuwa ya zama na tarayya a 1991, aka mayar wa Jihar Bauchi a 2006, kuma har yanzu yana da garken giwaye. Abin da ya taimake shi shi ne haɗin gwiwar jihar da ƙungiyar WCS, wadda ta tallafa wajen horar da masu gadi da tabbatar da sintiri. Inda aka biya mai gadi aka tura shi aiki, dabba ta rayu. Inda aka bar sunan mai iko a takarda kawai, dabba da mutum duk sun yi asara.

Yadda ake yi a Amurka

Irin wannan taƙaddama ta daɗe a Amurka kan wata babbar dabbar dawa mai suna beyar, nau'in girizli. Tarayya ta sa ta ƙarƙashin kariya a 1975. Da yawanta ya ƙaru a yankin Yellowstone, jihohin Wyoming da Montana da Idaho suka nemi a miƙa musu ragama. An cire kariyar a 2007 da 2017, kotu ta mayar da ita a 2009 da 2018. Bambancin shi ne can kowane ɓangare yana da ma'aikata da ƙidaya da kasafi, ana jayayya ne kan wanda zai yi aikin. A nan galibi ana jefa wa juna alhaki ne bayan an yi ɓarna.

Damar da ta zo

A watan Mayun 2025, Shugaba Bola Tinubu ya amince da kafa rundunar masu gadin daji domin dazuka 1,129, ta haɗin gwiwar tarayya da jihohi. Manufar farko ita ce korar 'yan bindiga, kuma mutanen Kebbe da Tambuwal da hare-hare suka hana noma ba za su ƙi wannan ba. Sai dai idan aka kori ɗan bindiga aka bar daji ga masu gawayi da masu yanka filaye, ribar ba za ta daɗe ba.

Abin da ya fi dacewa shi ne rabon aiki a rubuce. Tarayya ta ajiye jerin dabbobin da ba a kashewa sai da izinin ƙwararru, ta kuma ɗauki nauyin horo da makamai. Jiha ta sabunta dokar da ta gada, ta shata iyakokin gandunta, ta ware kuɗin diyya ga wanda dabba ta ci wa gona. Hakimai da sarakunan farauta da na ruwa, waɗanda suka fi kowa sanin dajin da rafin, su samu kujera a inda ake yanke shawara.

Matasan Sanyinna suna da tambayoyin da za su iya kai wa ɗan majalisarsu na jiha tun yanzu: gandun daji nawa suka rage a Tambuwal da Kebbe, nawa aka ware musu a kasafin bana, kuma ofishin wa manomi zai je ranar da naman dawa ya shiga gonarsa?