Ƙarfe Tara na Tikiti, Ƙarfe Nawa na Gaskiya?

Duk wanda ya saba tafiya ta jirgin sama a Najeriya ya san muryar nan da ke fitowa daga lasifika tana ba da haƙuri, wai an ɗage tashi saboda "dalilai na aiki". Ba a faɗin dalilan, ba a faɗin sabon lokaci. Sai a bar mutane suna jiran gawon shanu, daga mai zuwa ɗaurin aure har mai ganin likita a Abuja da safe. A wannan mako ina so mu dubi abin da lokacin da ke jikin tikiti yake nufi, domin mu san inda ya dace mu yi uzuri da inda ya dace mu nemi hakki.

Idan tikiti ya ce ƙarfe 9:00, ba a lokacin ne jirgi zai bar ƙasa ba. A ƙa'idar wannan sana'a, lokacin tashi shi ne sa'ad da aka rufe ƙofa, aka cire waigin tayoyi, jirgi ya motsa daga wurin da yake ajiye. Bayan haka akwai gangarawa zuwa titin tashi da jiran izinin hasumiya. Shi ya sa ake rufe karɓar fasinja tun kafin lokacin, kuma shi ya sa tsawon tafiyar da aka rubuta ya kan zarce zaman da za a yi a sama. Haka kuma, a lissafin kamfanonin jirage na duniya, jirgin da bai makara da minti 15 ba ana ɗaukarsa ya cika alƙawari.

To, daga ina makarar awa huɗu ko biyar take fitowa? Jirgi ɗaya ba tafiya ɗaya yake yi a yini ba. Wanda zai ɗauke ka daga Kano da la'asar, mai yiwuwa ya tashi daga Legas da asuba, ya je Abuja, ya leƙa Fatakwal, ya sake komawa. Idan ya yi asarar rabin awa a zangon farko, sai ta bi shi tana ƙaruwa har dare. Ga kuma dokar da ta iyakance awannin aikin matuƙa, wadda idan suka cika ta dole su sauka su huta, ko da fasinja na cikin jirgi.

Akwai dalilan da ba wanda zai zargi kamfani a kansu. Hazon hunturu yakan rufe filayen Kano da Kaduna da Maiduguri har matuƙi ya kasa hango titi, kuma ni dai gara in kwana a filin jirgi da a sauke ni cikin duhun ƙura. Wasu filayen ba su da fitilun saukar dare, da rana ta faɗi an rufe su. Akwai ƙarancin man jirgi, akwai tsuntsu da kan faɗa cikin inji, akwai tsayar da kowa domin wani babba zai wuce.

Amma hunturu ba baƙo ba ne, kowace shekara yana zuwa a kan lokacinsa. Kamfanin da ke da jirage huɗu ya sayar da tafiye-tafiyen da sai jirage shida za su iya, ba tare da na ko-ta-kwana ba, ya san tun ranar da ya tsara jadawalin cewa ba zai cika shi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. A ganina wannan ne tushen matsalar, kuma ba sa'a ce ta ƙi ba, lissafi ne aka yi da lokacin fasinja.

Doka ba ta bar mu haka ba. Ƙa'idojin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, wato NCAA, sun tanadi cewa a tafiyar cikin gida a gaya wa fasinja dalilin jinkiri cikin minti 30. Idan ya kai awa 2 a ba shi abin taɓawa, idan ya wuce awa 3 yana da ikon karɓar kuɗinsa, idan kuma dare ya raba tsakanin ƙarfe 10 da ƙarfe 4 na asuba a kama masa masauki. A Tarayyar Turai, tun dokar 2004, jinkirin da ya zama laifin kamfani kan jawo diyyar Yuro 250 zuwa 600.

Shawarata ga matafiyi ita ce ya zaɓi jirgin safe idan uzurinsa ba ya jira, ya adana tikitinsa, ya kai ƙara a rubuce maimakon zagin ma'aikaciyar da ba ita ta tsara jadawali ba. Ga kamfanoni kuwa, mu masu haƙuri ne, amma haƙurin ya fi sauƙi idan an faɗa mana gaskiya. Alƙawari kaya ne, kuma wanda ya karɓi kuɗi ya riga ya ɗauka.