A Auna Kafin A Biya Kuɗin Wuta Da Gas

 Ya ku malamai da fatake, ina so mu yi magana bisa wani ciniki da mu ke yi kowane wata ba tare da mun duba mudu ba, watau kuɗin wutar lantarki da na gas ɗin girki.

Abin da mamaki. Mutum ya shiga kasuwar Dawanau sayen gero, sai ya zaga rumfa uku ko huɗu ya ji farashi, kuma ba ya yarda a ɗinke bakin buhu sai ya ƙidaya tiya. Amma ran da aka kawo masa takardar wuta, sai ya biya yana gunaguni, bai san ko nawa aka auna masa ba. Alhali malamanmu sun karantar da mu cewa ciniki ba ya inganta sai an san abin da aka saya, an san tamaninsa.

Mutanen Ingila sun daɗe da mai da wannan abu ciniki sosai. Tun 1999 kowane mai gida a can ya na da ikon barin kamfanin da ke sayar masa da wuta ko gas, ya koma wani mai sauƙi. Su kan jera farashin kamfanoni su kwatanta, sa'an nan su canja. Amma araha ba ta ado: a 2021, da gas ya yi tsada a duniya, ƙananan kamfanoni fiye da 20 su ka karye, aka kwashe mutanensu aka danƙa wa waɗansu.

Mu a nan ba mu da wannan zaɓi. Tun 2013, da gwamnati ta danƙa rabon wuta ga kamfanoni 11, kowane yanki da nasa: na Kano ya na riƙe da Kano da Katsina da Jigawa, na Kaduna kuwa ya na riƙe da Kaduna da Sakkwato da Kabi da Zamfara. Saboda haka wani zai ce, tun da babu wata rumfa, mene ne amfanin lissafi? To, ni ra'ayina, wanda ba ya iya canja mai sayarwa ya na iya canja yadda ya ke saye, kuma nan ne kuɗin ke zurarewa.

Farkon abu, a san ma'auni. Mudun wuta shi ne yunit, watau abin da na'ura mai ƙarfin wat 1,000 ke sha cikin sa'a ɗaya. Mita ita ke ƙidaya shi. Gidan da babu mita, kintace a ke yi masa, kintace kuwa saye ne cikin duhu. Ko hukumar da ke kula da farashin wuta, watau NERC, ta ga ɓarnar abin, har ta sa wa kuɗin kintace iyaka a 2020. Don haka neman mita shi ne canji na fari, ko da za a sha jeka-ka-dawo.

Na biyu, kowa ya san rukuninsa. A 2020 aka kasa masu shan wuta kashi biyar bisa sa'o'in da aka yi musu alkawari a yini: rukunin A sa'a 20, B 16, C 12, D 8, E kuwa 4. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga yunit na rukunin A daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225, aka bar sauran yadda su ke a lokacin. Kadan an rubuta unguwarku cikin rukunin A, ku sa almajiri ɗaya mai hankali ya riƙa rubuta lokacin da aka kawo wuta da lokacin da aka ɗauke, har wata guda. In sa'o'in ba su cika ba, ku kai ƙara da takardarku a hannu, gama ƙa'ida ta ce layin da bai cika alkawari ba a saukar da shi. Mai shaida a rubuce ya fi mai kururuwa samun biyan bukata.

Na uku, a kwatanta gas da wuta wajen girki. Zafin da ke cikin kilo ɗaya na gas ya kai na yunit 13 ko kusa, sai dai wajen rabinsa ya kan bi iska ta gefen tukunya, murhun lantarki kuwa bai kai shi hasara ba. Saboda haka ga hanya mai sauƙi: ka ninka kuɗin yunit ɗinka sau goma, ka gwada da kuɗin kilon gas. Mai biyan naira 225, nasa ya zama 2,250, kilon gas kuwa bai kai haka ba a 2024, watau gas ya fi masa. Mai biyan naira 60, nasa 600 ne, wuta ta fi masa sauƙi ran da aka kawo ta. Kun ga amsar gidan wani ba ita ce ta gidanka ba. Kuma in za ka cika tukunyar gas, ka duba nauyinta da aka buga a jikinta, ka tsaya a ɗora ta bisa sikeli a gabanka.

Na huɗu, a duba fitilu. Makarantar da ke kunna tsofaffin ƙwayaye goma masu wat 60, sa'a biyar kowane dare, ta na shan yunit 90 a wata, watau naira 20,250 bisa farashin 225. In aka musanya su da sababbin nan masu wat 9, waɗanda haskensu ya yi daidai da na da, kuɗin ba zai wuce naira 3,100 ba. Abin da ya ragu ya isa a sayi tawada da alluna, har da tabarmi.

Akwai kuwa wata hanyar rage kuɗi wadda ba ta cikin nasihata, ita ce zagaye mita a ja wuta ta bayan gida. Waɗansu na cewa ramuwa ce, tun da kamfani ma ya na cutarsu. Ina roƙon limamai su yi wa jama'a bayani a kan wannan, gama gargaɗin da ke cikin Suratul Muɗaffifina ya hau mai tauye mudu ko wane ne shi. Wanda ya ke neman a auna masa daidai, shi ma sai ya biya daidai, in ba haka ba ya rasa bakin kai ƙara.

To, jama'a, a daren yau kowa ya ɗauko takardar wutarsa ta watan jiya, ya duba rukuninsa da kuɗin yunit, ya tuna nawa ya sayi kilon gas, ya yi wannan ɗan lissafi kafin ya kwanta. Allah Ya sa albarka cikin abin da mu ka samu, Ya tsare mu da almubazzaranci, amin. Wassalam.