Omanyala: Daga Zari-ruga Zuwa Tseren Mita 100

Da tseren dogon zango aka san Kenya, shi ya sa lokacin da Ferdinand Omanyala ya bar ƙwallon zari-ruga ya koma gudun mita 100, abin ya zo wa mutane banbaraƙwai. Dakatarwar wata 14 a 2017, bisa samun haramtaccen sinadari a jikinsa, ta kusa dusashe tauraronsa. Amma a Satumban 2021 ya kafa tarihin Afirka da daƙiƙa 9.77 a Nairobi, kana ya ci zinare a gasar Commonwealth ta 2022.

Sai dai Nairobi kan tudu take, iskarta ba nauyi, kuma hakan na taimakon masu gajeren tsere. A gasar duniya ta Budapest a 2023 na bakwai ya zo, a Olympics ta Paris ko zagayen ƙarshe bai kai ba. Kafin ta Los Angeles a 2028 zai cika shekara 32.