Sharuɗɗan Zama Shugaban Ƙasa: A Bari Yara Su Karanta da Idonsu

Duk kakar zaɓe sai an tayar da ƙura kan takardun makarantar 'yan takara, alhali kaɗan ne cikinmu suka taɓa buɗe kundin tsarin mulkin 1999. Sashe na 131 ya gindaya sharuɗɗa huɗu ga mai neman shugabancin Nijeriya: ya zama ɗan ƙasa ta haihuwa, ya cika shekara 35, jam'iyya ta tsayar da shi, sannan ya yi karatu aƙalla zuwa matakin shaidar kammala sakandare ko makamanciyarta. A da shekara 40 ce, sai a 2018 gyaran da matasa suka yi fafutuka a kansa ya rage ta. A ganina, ya kamata kowane ɗakin karatu na makaranta ya ajiye wannan kundi kusa da littattafan da ke bayanin aikin likita, lauya da injiniya. Ɗalibin da ke binciken sana'ar da zai kama yana da haƙƙin sanin cewa wannan kujera ba gadon wani gida ba ce. Wanda ya san doka da kansa, ɗan siyasa ba zai ruɗe shi da jita-jita ba.