Saitin da Ka Tarar Ba Wahayi Ba Ne

Jama'a, abin da ya fi damuna da masu kafa rumbun bayanai a kan kwamfutoci da yawa shi ne yadda suke karɓar saitin asali hannu bibbiyu, kamar babu wanda ya zauna ya zaɓe shi. Ku dubi MongoDB. Kafin fitowar siga ta 5.0 a 2021, idan manhajarka ta rubuta bayani, babbar kwamfuta ɗaya kawai ce ke amsa cewa ta karɓa, sai a ci gaba. Idan ta mutu kafin sauran su kwafi abin, wata ta hau kujerarta, wannan rubutun yana iya sulalewa, alhali an riga an gaya wa mai saye kuɗinsa sun shiga. Kamar ka ba da ajiya ne gaban shaida ɗaya, shaidar kuma ya yi tafiya. Daga 5.0 sai aka mayar da saitin ya jira mafi rinjayen kwamfutocin su tabbatar, wato biyu idan kwamfutocin uku ne. Farashinsa ɗan jinkiri ne a kowane rubutu, ni kuwa na ce a biya shi da murna idan maganar kuɗi ce ko takardun asibiti, domin sauri kan haifi nawa. Mai ƙirga yawan masu danna shafi yana iya sassautawa, amma ya yi hakan da saninsa. Ku buɗe saitin nan, ku karanta shi layi-layi, kafin ku ɗora masa amanar mutane.