Rufe gadar Gaya da tsadar kayan kwalliya: Yadda neman araha ke jefa matan Tanda cikin haɗari

A duk lokacin da ake lissafin asarar da rufe iyakar Nijar da Benin ta jawo, shinkafa da magunguna da siminti ake fara ambata. Ba kasafai ake tuna man shafawa da sabulu da hoda da gashin kitso ba, duk da cewa ba a haɗa lefe ba tare da su ba, kuma dubban mata masu kitso da ƙunshi da dillanci da su suke ci da iyalansu.

Tanda ƙaramar hukuma ce a gundumar Gaya ta jihar Dosso, a yankin da Nijar ta haɗu da Benin da Najeriya. Mazauna wannan yanki sun saba da kasuwanni uku: ta Gaya a gida, ta Malanville a tsallaken kogin Kwara, wadda ke cikin manyan kasuwannin Benin, sai ta Kamba a jihar Kebbi. A da, idan kaya ya yi tsada a ɗaya, sai a leƙa ɗayar. Wannan zaɓin ne ya raunana tun 2023, kuma abin da ya cike giɓin ya fi tsadar kanta zama abin damuwa.

Yadda hanyar kaya ta sauya

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya kifar da Mohamed Bazoum, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi a ranar 30 ga watan, Benin da Najeriya suka rufe iyakokinsu. An ɗage takunkumin a ranar 24 ga Fabrairun 2024. Benin ta buɗe nata ɓangaren, Najeriya ma ta buɗe a watan Maris, amma hukumomin Yamai suka bar gadar Gaya zuwa Malanville a toshe. Firaminista Ali Mahaman Lamine Zeine ya danganta hakan da tsaro, inda Nijar ke zargin Benin da ba sojojin Faransa mafaka, zargin da Kwatano ta sha musantawa. Haka gadar ta shafe sama da shekara biyu babu manyan motoci a kanta.

Kafin rikicin, tashar jiragen ruwa ta Kwatano ce babbar ƙofar kayan da Nijar ke shigo da su, kuma Gaya ce zangonsu na farko. Man shafawa da turare da gashin kanti daga China da Indiya da Dubai da Kodebuwa kan iso Gaya kafin su kai Yamai, mai nisan kusan kilomita 300. Yanzu mafi yawan kayan da ke bin hanyar hukuma daga Lome ta Togo suke tasowa, su ratsa Burkina Faso cikin ayari da rakiyar sojoji, su shiga ta yankin Tera, su sauka Yamai, daga nan ne ake juyo da su kudu. Garin da ke farkon layi ya koma ƙarshensa, kuma kowane kwana da mota ta ƙara a hanya, mai saye ne ke biyan kuɗinsa. A watan Maris na 2025 ƙasashen AES, wato Nijar da Mali da Burkina Faso, suka ƙara harajin kashi 0.5 cikin 100 kan kayan da ke shigowa daga wajen ƙawancen.

Hanya ta biyu ita ce kogi. Kwale-kwale na tsallako da mutane da kaya daga Malanville, amma katan ɗin da a da mota ɗaya ke kawowa har ƙofar shago yanzu sai an biya masu sauke shi, da mai jirgi, da ɗan dako, da mai babur ko amalanke. Kayan kwalliya ba su da nauyi kuma ribarsu na da kauri, shi ya sa suka dace da irin wannan fataucin. Sai dai kayan da suka bi ta nan ba su cika haɗuwa da mai duba inganci ba, kuma sukan daɗe cikin rana, abin da ke lalata mai da hoda tun wa'adinsu bai cika ba.

Faɗuwar naira

Hanya ta uku, ta Kamba, ita ce ta ɗan rage raɗaɗin. A watan Yunin 2023 gwamnatin Bola Tinubu ta saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da ake canzawa kusan naira 460 a hukumance ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Sefa kuwa a ɗaure take da yuro, kan 655.957 kowane yuro ɗaya, don haka jaka ɗaya, wato sefa 1,000, da a da ba ta kai naira 1,500 ba, ta haura naira 2,000. Mai sefa a hannu ya samu ƙarfin saye a Kamba da Birnin Kebbi da Sakkwato da kasuwar Sabon Gari ta Kano.

Amma ribar ba ta kai yadda lissafin canji ke nunawa ba. Hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024, kuma kamfanonin da ke haɗa sabulu da man shafawa a Legas da Kano da dala suke sayo yawancin sinadaransu. Kayan asali sun yi tsada a can ma. Waɗanda suka tsaya a farashin da talaka zai iya su ne na jabu, da na awo da ake ɗurawa a robobi marasa suna, da haɗe-haɗen gida da ake tallatawa a TikTok da WhatsApp da sunan “oganik”.

Kowace ƙwarya da abokiyar burminta: mai ƙaramin ƙarfi da kaya mai araha. Matsalar ita ce a harkar kwalliya, abin da ya fi araha kuma ya fi saurin nuna aiki shi ne sau da yawa ya fi guba.

Abin da ke cikin robar

Man bilicin ne kan gaba. Sinadarai uku aka fi samu a cikinsa: hydroquinone, da magungunan steroid masu ƙarfi irin su clobetasol, da makuri, wanda Hausawa ke kira zaiba. Dukansu suna hana fata samar da launin da ke kare ta daga rana. Hydroquinone idan aka daɗe ana shafa shi yakan bar baƙin tabo mai wuyar magani a kumatu da goshi. Steroid na sirantar da fata, ya kawo nankarwa da ƙuraje da makero, ya hana rauni saurin warkewa, kuma idan ya ratsa jiki yana iya taimaka wa hawan jini da ciwon suga. Zaiba na lalata ƙoda da jijiyoyi, tana kuma kaiwa ga ɗan tayi da jariri mai shan nono. Ko wanda bai shafa ba yana iya ɗauka ta tawul da zanin gado.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ambata cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya na amfani da kayan hasken fata, adadi mafi yawa a Afirka. A Fabrairun 2023 hukumar NAFDAC, ƙarƙashin Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Kodebuwa ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015, Ghana da Rwanda da Kamaru suka bi sahu daga baya. Yarjejeniyar Minamata, wadda Nijar da Najeriya da Benin duk suke ciki, ta fara da iyakance zaiba a kayan kwalliya zuwa kashi ɗaya cikin miliyan, sannan a taron Geneva na 2023 aka amince a haramta ta baki ɗaya daga 2025.

Dokoki dai ga su nan a takarda. Amma doka a bakin iyaka take aiki, inda ake buɗe katan a duba. Idan aka rufe ƙofar hukuma kaya suka koma bin kogi da hanyoyin daji, wurin binciken ne aka rufe, kayan kuwa ba su daina shigowa ba.

Haɗarin bai tsaya ga man kanti ba. Kwalli, wanda iyaye ke sa wa jarirai tun ranar suna, yawancin na gargajiyarsa daga dutsen da ke ɗauke da dalma ake niƙa shi. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka suka gano dalma a jinin wani jariri ɗan wata shida, ɗan asalin Najeriya, aka bi sawu har zuwa kwallin da aka kawo masa daga gida. Gwaji ya nuna kashi 82.6 cikin 100 na kwallin dalma ce, kamar yadda hukumar CDC ta wallafa a 2012. Dalma na taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma babu wani adadinta da likitoci ke ɗauka a matsayin marar illa. Baƙin lalle na zamani, wanda ke kamawa cikin mintuna, sau da yawa rinin gashi mai sinadarin PPD ake zuba masa, kuma yana iya sa fata ta kumbura ta yi ƙuna. Man miƙar da gashi ma ya shiga jerin: binciken cibiyar lafiya ta NIH a Amurka a 2022 ya nuna matan da ke yawan amfani da shi sun fi waɗanda ba sa yi haɗarin kamuwa da kansar mahaifa fiye da ninki biyu.

Arziƙin da ke bayan gida

Yankin Gaya na cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Nijar, kuma yana cikin ƴan yankunan ƙasar da itacen kaɗanya ke tsira. Man kaɗe da matan karkara ke tatsa shi ne kamfanonin Turai da Amurka ke zubawa kaɗan a cikin kwalba su sayar da tsada, har ƴan ƙasar da ke zaune a Paris da Landan da New York su saya. Ga sabulun salo, ga lalle na ganye, ga garin magarya da karkashi da ake wanke gashi da su tun kaka da kakanni, ga dilka da halawa da suka shigo daga Sudan da Chadi ta Borno suka zama ruwan dare a gyaran amare.

Maƙwabta sun fara farga da darajar kaɗanya. Burkina Faso da Mali sun hana fitar da ɗanyen ƙwaranta a 2024. A watan Agustan 2025 Najeriya ta sanar da irin wannan haramci na wata shida, inda mataimakin shugaban ƙasa Kashim Shettima ya ce ƙasar na samar da kusan kashi 40 cikin 100 na kaɗanyar duniya amma rabonta a kasuwar da ta kai dala biliyan 6.5 bai kai kashi ɗaya ba. Manufar ita ce a sarrafa a gida. Ga matan Gaya da Tanda, hakan na nufin farashin ƙwara da na mai a Kebbi zai riƙa juyawa da shawarar da aka yanke a Abuja, kuma mai ɗanyen kaya ce ke fara jin jiki idan farashi ya faɗi, ba mai tataccen mai ba.

Abin da ke hana kayan gida cin kasuwa sananne ne. Tatsar man kaɗe da hannu aiki ne na kwanaki, ga neman itace da ruwa. Warinsa na korar ƴan mata idan ba a tace shi da kyau ba. Babu kwalba mai kyau, babu takardar shaida, babu talla. Sama da duka, man kaɗe ba ya sa fari, alhali finafinai da hotunan soshiyal midiya da zancen samari sun riga sun ɗora haske a matsayin ma'aunin kyau. Muddin masu neman aure na yaba wadda ta yi fari cikin wata guda, mai sayar da bilicin ba zai rasa ciniki ba, ko an buɗe gada ko ba a buɗe ba.

Abin da mai saye zai iya yi

Kafin hukumomi su kai ga kasuwannin ƙauye, kariyar farko na hannun mai saye. Robar da ba ta da sunan kamfani da jerin sinadarai da ranar lalacewa, barinta ya fi, komai arharta. Idan aka ga an rubuta mercury ko mercure ko calomel, zaiba ce. Clobetasol da betamethasone magunguna ne da likita ke rubutawa na ɗan lokaci, bai kamata su zama man shafawa na kullum ba. Kayan Najeriya na asali na ɗauke da lambar NAFDAC, kodayake masu jabu ma na buga lambar ƙarya, don haka farashin da ya yi ƙasa da na kowa shi ma alama ce. Duk man da ya yi alƙawarin fari cikin mako ɗaya ya riga ya faɗi abin da ke cikinsa. Wadda kuma ta daɗe tana shafa mai steroid, zai fi mata ta nemi shawarar ma'aikacin lafiya kafin ta daina, domin yankewa farat ɗaya na iya tayar da fata.

Masu kitso da ƙunshi na iya rage tsada ta hanyar haɗa kuɗi, kamar yadda ake adashi, su sari katan daga dila guda da suka sani, maimakon sayen ɗai-ɗai daga hannu na huɗu. Ƴan uwa da ke ƙasashen waje, waɗanda ake yawan roƙo su aiko da “mai mai kyau”, na da rawar takawa ta fuska biyu: su duba abin da suke aikowa, su kuma yi hattara da kwallin da ake aika musu don jarirai. Kuɗin da ke tafiya a akwatin mayuka zai iya sayen injin niƙa ko robobin ɗura kaya ga ƙungiyar mata masu man kaɗe.

Sauran aikin na gwamnatoci ne. Buɗe gadar zai rage kuɗin dako ya kuma mayar da kaya inda jami'an duwan da na lafiya za su iya ganinsu, amma hakan na jiran sulhu tsakanin Yamai da Kwatano. Abin da ba ya jiran sulhu shi ne gwajin mayukan da ke kasuwannin Gaya da Dosso da bayyana sunayen masu guba a gidajen rediyo da Hausa da Zabarmanci da Dendi, da tallafa wa masu sarrafa kaɗanya su samu shaidar inganci. Har sai an yi hakan, amaryar Tanda za ta ci gaba da zaɓa tsakanin man da ya fi ƙarfin aljihunta da wanda ba ta san abin da ke cikinsa ba.